Gwangwanin Goggo

Shekara ashirin da ɗoriya na yi a bayan tagar ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kiru, kuma a duk tsawon zaman nan ban taɓa yarda da maganar mutum a karon farko ba. In ka ce mini katinka ya ɓata, na san yana ƙarƙashin katifa, ƙyuya ce ta hana ka ɗagawa. In ka rantse ba ka taɓa zuwa asibitin ba, sai in juya in zaro tsohon fayil ɗinka, in karanta maka ranar da aka cire maka ƙaya a diddige. Ina da faɗa, ban taɓa ɓoyewa ba. A wurina layi layi ne ko da kai mai unguwa ne, kuma wanda ya zo bayan azahar da ciwon da ya kwana uku yana jinyarsa a gida, sai ya fara shan nawa maganin kafin ya ga likita. Sau da yawa zargina yakan fito daidai, shi ya sa a hankali na daina tambayar kowa komai.

Wani sabon likita ne, matashi mai zafin nama, ya zo mana da al'adar karrama ma'aikata. Duk shekara bayan an kai amfanin gona gida, sai a kafa rumfa a harabar asibiti, a gayyato manya daga ofishin da ke kula da mu a birni, a kira dagaci da liman. Gwarzon ma'aikaci a ba shi takardar yabo cikin gilashi da agogon bango, sashen da ya fi ƙoƙari kuma a ba shi kofi. Shekarar farko kwamiti ne ya yi zaɓe, ya ba mai gwajin jininmu. Mutumin ya iya aikinsa, wannan ba musu, amma garinsu ɗaya da Likita, kuma ban ga dalilin da zai sa in bar wannan a cikina ba. Na faɗa a taro, na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa wa mai shayin bakin titi.

Likita bai yi fushi ba. Ya ce to, daga yanzu marasa lafiya ne za su zaɓa. Da yake yawancinsu ba sa rubutun boko, sai ya sa aka tattaro manyan gwangwanayen madara, aka huda murfin kowanne, aka naɗe bakinsa da filasta, aka manna hoton ma'aikaci a jiki. Aka jera su a kan benci a bayan labule, a lungun da ke kusa da tagata. Duk wanda aka sallama, ko mai jinyarsa, in ya dawo mini da kati sai in ba shi ƙwayar wake ɗaya, ya shiga bayan labulen ya jefa wa wanda ya fi kyautata masa. Nan ma sai da na ɗaga hannu. Na ce a ƙasar da kowane gida da rumbunsa, me zai hana mutum ya ciko aljihu tun daga gida? Saboda haka aka riƙa rina waken da maganin nan mai launin shuni da ake shafa wa miki, kuma ni nake rinawa da hannuna.

Da wake aka yi zaɓen shekara ta biyu, ya faɗa kan wata nas da yara ba sa kuka in ta yi musu allura. Ita da mai gwajin jinin, babu wanda ya yi wata uku da karɓar agogonsa ba tare da takarda ta zo daga birni ba, a ɗauke shi zuwa babban asibiti. Muka yi musu walima, muka ce aiki ya yi kyau, ci gaba ya zo. Ɗakin gwaji ya daɗe a kulle, mutane suna hawa mota su je wani gari a duba jininsu. Nas ɗin ma ba a maye gurbinta ba sai da damina ta zagayo. Duk na gani da idona, amma abu ɗaya na fahimta a ciki, wato wanda ya ci ya haye. Kuma na san wadda nake so ta haye.

Babbar ungozomarmu ce. Kowa Goggo yake ce mata, har Likita. A asibitin na tarar da ita. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, tana tafiya kamar ba ta sauri amma da wuya ka riga ta isa wuri. Ta ji Fillanci sosai, shi ya sa matan rugagen bayan Yako da na wajen Badafi, waɗanda kunya ba ta barinsu ko su ɗaga ido su dubi likita namiji, suka yarda da haihuwa a asibiti. Kafin ita, sai abu ya lalace a gida ake kawo su.

Ni kuma ina da nawa dalilin. Ranar da matata ta haifi autarmu, da tsakar rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, jini ya ɓalle mata. Likitan wancan lokacin ya tafi taro, hanya kuma ta yanke. Goggo ce ta tsaya a kanta har la'asar sakaliya. Da ta fito rigarta ba kyan gani, abin da ta ce mini kawai shi ne, "Malam, je ka samo mata kunu mai zafi." Tun daga ranar na rasa yadda zan saka mata. Na taɓa aika mata da atamfa da sallah, ta ba wata mai shara da za ta aurar da 'ya.

A shekara ta uku na ce a raina bana kam ta Goggo ce. Kullum bayan la'asar ni da Hajiya, shugabar nas-nas, muke kwashe gwangwanayen mu kai kabad ɗin ofishin Likita, ta kulle ta tafi da mabuɗin. Ba a buɗe su sai ranar ƙirga, amma ai hannu ma yana auna abu. A watan farko na ɗaga na Goggo na ji shi sakayau. Na girgiza, 'yan ƙwayoyi ne ke yawo a ciki. Wata na biyu haka, na uku haka. Alhali a gabana matan nan ke kawo mata man shanu da ƙwan zabi, wasu har suna sa wa 'ya'yansu sunanta.

Akwai wani abin kuma da har yau in zan faɗa sai na sunkuyar da kai. Nawa gwangwanin nauyi yake ta yi. A shekarar da ta gabata ƙwaya biyu aka samu a ciki, har masu shara suna yi mini tsiya wai ni na jefa wa kaina. Bana kuwa kafin dawa ta nuna sai da hannu biyu nake ɗaukarsa. Ni da ke zargin kowa da komai, wannan ko sau ɗaya ban zarge shi ba. Na ce mutane sun fara hankali, sun gane tsawar da nake daka musu don amfaninsu ce. Na fara kai kaftanina wajen mai guga. Wata rana ma na kama kaina ina auna bangon ɗakina da ido, ina neman inda agogo zai zauna, sai na yi istigfari na tuna da Goggo.

Zargina ya sauka a kan Hajiya. Dama ba ma shan inuwa ɗaya da ita, ga mabuɗi a hannunta, kuma na san sun taɓa samun saɓani da Goggo kan rabon aiki. Na ce ɓare filasta take yi tana kwashe waken. Na ɗiga biro a bakin filastar, ɗan ɗigon da ba mai lura da shi sai ni. Da safe ɗigon yana nan yadda na bar shi. Na maƙala zare a ƙofar kabad bayan ta kulle, na yi sammako na riga ta zuwa, na tarar zaren bai motsa ba. Wannan bai wanke ta a wurina ba, sai ma na ƙara jin tsoron wayonta.

Daga nan na koma kan masu jefawa. Tsakanin ɗakina da lungun akwai wata tsohuwar taga da aka toshe da katako. Na matsar da fayiloli na sami tsaga. Likita ya hana leƙe, ni ne ma na kawo shawarar a hana, amma na leƙa.

Ranar an sallami wata Bafillatana mai haihuwar fari, wadda Goggo ta yi kwana uku tana fama da ita. Mahaifiyarta ce ta karɓi waken, tsohuwa doguwa mai mundaye a hannu. Ta shiga bayan labule tana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na Goggo ta tsaya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta matsa gaba, ta nemo nawa, ta jefa. Na ji ƙarar faɗawarsa a kan sauran.

Ban tsaya rufe taga ba, na bi ta har bakin ƙofa. Na gaishe ta, ta amsa.

"Inna, wa ya fi kula da 'yarki a asibitin nan?"

"Goggo mana. Allah ya biya ta."

"To wa kika jefa wa waken?"

Ta dube ni, ta gyara mayafi. "Na jefa inda aka ce."

"Wa ya ce?"

Nan take Hausarta ta ƙare. Ta koma Fillanci, ta yi mini wata doguwar addu'a, ta wuce abinta.

Inda aka ce! Ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Ashe akwai masu cewa. Sai na tuna yadda mai gadi ke sunkuyawa yana yi wa masu jinya raɗa, in na nufo su su yi tsit. Mai gadin nan kuwa Hajiya ce ta samo masa aiki. Komai ya haɗu mini daram. Hajiya ba ta taɓa wake ba domin ba ta bukata, tun daga ƙofa ake karkatar da mutane daga gwangwanin Goggo. Dalilin da ya sa ake tura su ga nawa kuwa, na ce don a haɗa ni faɗa da Goggo ne, kuma na tabbatar wa kaina cewa ko an cire na makircin, sauran da aka ba ni saboda Allah sun isa in zo na biyu.

Mako biyu na yi ina tare masu fita ina tambayarsu wa ya fi kula da su. Cikin matan da suka haihu babu wadda ta ambaci wani in ba Goggo ba. Na zauna na rubuta rahoto shafi huɗu, ban kama sunan kowa ba amma na kwatanta yadda ko makaho zai gane, na kai wa Likita. Shi baƙo ne a ƙasar, daga ɗakin duba marasa lafiya sai gidansa, bai san abin da ake ƙullawa a gari ba. Ya karanta yana kaɗa kai.

"Malam, ka san fa in aka bi wake kai ne a gaba? Ni ma ina ɗaga gwangwanayen nan."

"Na sani, ranka ya daɗe. Na yafe. Mai haƙƙi a ba shi haƙƙinsa."

Ya miƙe ya ba ni hannu. Ya ce zai ajiye waken bana ya yi amfani da ikonsa ya ba Goggo, kuma ni zan rubuta jawabin yabon da za a karanta, amma in yi shiru sai ranar. Na fito ofishin ina jin kaina kamar waliyyi. Jawabin kuwa ban bar komai a baya ba. Na rubuta yadda take juya ɗan da ya zo ta ƙafa, da yadda ake ɗauko mata tun daga wajen Tudun Wada saboda ita, da yaran ungozomomin da ta koyar, da shekarun da ta yi ba ta ɗauki hutu ba. Na ce ma'aikaciya irinta ko a babban asibitin birni da wuya a samu. Wannan jimlar sai da na ja mata layi a ƙasa.

Ana gobe biki Hajiya ta zo tagata da hantsi, fuskarta ba walwala.

"Malam, gaskiya ne ka kai wa Likita takarda?"

"Na kai. Wanda bai yi komai ba me zai tayar masa da hankali?"

"Ka yi magana da Goggo kafin ka kai?"

"Ba ruwan Goggo a ciki. Ni na ga zalunci, ni na yi magana."

Ta daɗe tana kallona. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta dubi layin mutanen da ke bayanta suna sauraro, ta yi salati ta juya. Na ɗauki salatin nan a matsayin amsa laifi, har na yi wa na gaba a layi murmushi, ya waiga ya ga ko da wani nake.

Ranar biki rumfa ta cika. Ban taɓa ganin makiyaya da yawa haka a harabar ba, sun jingina sandunansu a katanga, mata sun yi cincirindo a baya. Na lura ana ta kallona, wasu har suna ɗago mini hannu, na ce lallai labarin sadaukarwar da na yi ya fita. Liman ya buɗe da addu'a. Aka ba sashen magani kofi, aka tafa. Sannan Likita ya tashi ya ce bana an sami matsala a zaɓe, don haka shi da kansa ya yanke hukunci, ya kira ni in karanta jawabi.

Tun kafin in kai rabi na ji wurin ya yi wani irin shiru. Da na kira sunanta na ɗago kai ina jiran guɗa. Manyan baƙi suka tafa, Likita ya tafa, ni ma na naɗe takarda na tafa. Daga baya kuwa ko tari babu. Goggo ta tashi a hankali ta zo ta karɓi gilashin da agogon, ta durƙusa ta yi godiya, ba ta dubi inda nake ba. Babban baƙon da ya zo daga birni ya ce in ba shi jawabin ya tafi da shi, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Daɗi ya kama ni. Kafin a raba lemo makiyayan sun ɗauki sandunansu sun watse. Na ce a raina hassada ce, Hajiya ta gama da su.

Da yamma na koma gida na tarar matata tana tankaɗe a tsakar gida. Ta riga ni dawowa daga bikin. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini yadda ta saba ba. Na zauna a kan turmi na fara ba ta labarin yadda na karya makirci. Ta ajiye rariya.

"Malam, wai da gaske ba ka sani ba?"

"Ban san me ba?"

"Ina mai gwajin jini? Ina yarinyar nan mai allura? Duk wanda aka ba agogon nan ɗauke shi ake yi. Tun bara mata ke maganar a wajen suna. Ardon Fulani ya zo ya sami liman, aka yi shawara, aka ce duk wanda ya je asibiti kada ya kuskura ya jefa wa Goggo, a ɓoye ta kada na birni su gan ta. Mai gadi ke tuna wa wanda ya manta. Hajiya ma ta sani, ita ta ce a bi a hankali kada Likita ya ji. Kowa ya sani a ƙasar nan sai kai."

Na gane gaskiya take faɗa. Amma faɗa bai bar ni ba.

"Ke da kike gidana, me ya hana ki gaya mini?"

"In na gaya maka, ai sai na gaya maka sauran."

"Wane saura?"

Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe, idonta a kan garin. "Da aka ce kada a jefa mata, sai wani ya ce to wa za a jefa wa, tunda wanda ya ci tafiya zai yi. An ce ba a daɗe ana shawara ba."

Kaji suna ta tsattsagar garin da ya zuba, ban kore su ba. Na tuno tsohuwar nan mai mundaye, yadda ta bi benci tana neman fuskata da natsuwa, da hannuwan da aka yi ta ɗago mini a rumfa da safe. Ashe sallama suke yi da ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tare da kunyar akwai baƙin ciki, domin ni a zatona tsoro da girmamawa abu ɗaya ne. Can na tambaye ta, ita da aka kwantar da autarmu da zazzaɓi a damina, ina ta jefa nata.

"Kai na jefa wa," ta ce. "Amma ni birni nake so mu gani."

Har yau ban san ko gaskiya ta faɗa ko tausayina ta ji ba, kuma wannan ne abu na farko a rayuwata da na ƙi bincikawa.

Washegari na riga kowa zuwa ofishin Likita na warware masa komai, har da nawa rabon. Ya dafe kai. Ya buga waya, ya rubuta takarda yana roƙon a bar mana ita. Dagaci da liman da Ardo suka cika ƙaramar mota suka tafi birni, na roƙa a tafi da ni, Ardo ya ce mota ta cika, alhali ina ganin kujera. An karɓe su da mutunci, an ba su ruwa, an ce za a duba. Su ma can ba mugunta suka yi ba, suna da ɗakin haihuwa cike da mata, ga kuma takarda a hannunsu da ke cewa irin wannan ma'aikaciya da wuya a samu. Bayan makonni kaɗan takardar canjin wurin aiki ta iso. Da yake ni ke karɓar wasiƙun asibiti, ta hannuna ta bi.

Ni na kai mata. Na same ta a ɗakinta tana wanke hannu. Na cire hula, abin da ban taɓa yi wa ma'aikaci ba, na ce ta yafe mini. Na so ta yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. Ta karanta takardar ta ninke, ta ce in zauna.

"Na san alheri ka nufa, Malam. Amma tsohuwata ta haura tamanin, ba ta gani, ni ke yi mata wanka kafin in fito aiki. Ba za ta iya zaman birni ba, ni kuma saura shekara uku in yi ritaya, ba zan iya ajiye aikin ba. Tsakanin tagarka da ƙofar nan taku nawa ne? Ka tambayi mutum nawa a bakin ƙofa, ni ba ka zo ka tambaye ni ko ina so ba."

Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta tambayi lafiyar autarmu. Daga nan na wuce ofishin Hajiya na ba ta haƙuri ita ma. Ta ce ya wuce, amma ba ta ɗago daga rubutun da take yi ba.

Ba a yi walima ba wannan karon. Ranar Asabar da hantsi aka ɗora kayanta a bayan ƙaramar mota, ta bar tsohuwar a hannun wata 'yar ƙanwarta, da niyyar ta riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Yaran ungozomomi biyu da ta koyar suka karɓi ɗakin. Sun iya aiki daidai gwargwado, sai dai babu mai jin Fillanci a cikinsu, kuma matan ruga ba su san su ba.

Kwana goma da tafiyarta, da misalin ƙarfe goma na safe, wani makiyayi ya tsayar da ɗan acaɓa a bakin ƙofa. Daga can cikin daji bayan Badafi suka fito, da alama labari bai kai musu ba. Matarsa na zaune a kan babur ɗin, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, ta cije mayafi, ciki ya sauko. Ya zo tagata ya yi sallama, na amsa da murya mafi taushi da nake da ita. Bai zo da tsohon katinta ba, ban yi faɗa ba, na ɗauko sabo na fara rubuta sunanta. Ya ce tun asuba take naƙuda, kuma ɗanta na fari ta ƙafa ya zo, Goggo ce ta fitar da shi, don haka in taimaka in yi mata magana da sauri.

Na ce masa an mayar da ita birni. Na ce akwai wasu a ciki, ita ta koyar da su da hannunta, ga Likita ma yana nan. Ya tsaya yana kallona. Ya koma wajen matar suka yi magana ƙasa-ƙasa, na ga ta girgiza kai. Ya ƙara yi mata magana, ta ƙara girgizawa.

Na bar tagar a buɗe da layi a gabanta na fito da gudu. Na riƙe kan babur ɗin. Na roƙe shi don Allah don Annabi ya shigar da ita, na ce ni zan tsaya a bakin ƙofar ɗakin har ta sauka, na ce in ma birnin ne zan nemo mota. Na aika a kira Hajiya. Ya saurare ni har na gama, da ladabi, sannan ya sa hannu ya cire hannuna daga kan babur ɗin a hankali.

"Malam, ta ce in ba Goggo gara gida. Akwai tsohuwa a rugarmu."

Kafin Hajiya ta fito sun hau titi. Na yi ta tambayar duk wanda ya zo daga wajen Badafi a watan nan, babu wanda ya san rugarsu. Katin ban yaga shi ba, ban kuma sa shi cikin fayil ba, domin rabin sunanta kawai na samu na rubuta.